Masaukin hunturu: littafin aikin kwamitinmu a Katsina

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Jiya bayan Mas, wato sujadar coci, kwamitin taimakon mabukata na cocinmu ya zauna, aka yanke cewa bana ba za mu tsaya ga rabon tsofaffin kaya ba, za mu nema wa mutane wurin kwana kafin sanyi ya kankama. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗi da rubutu. Abin da ya shigo da wanda ya fita zan riƙa sa shi a nan, har da abin da ya lalace, don wanda ya ba da kuɗinsa ya san inda suka shiga.

Zaman ya faɗo ranar bikin Waliyyi Martin de Porres, wanda babban cocinmu na Katsina ke ɗauke da sunansa. Fada, limamin cocinmu, ya tuna mana cewa mutumin birnin Lima ne a ƙasar Peru, ya rasu a 1639, kuma abin da aka san shi da shi jinyar marasa lafiyan da ba su da kowa.

Mun fara da tantance waɗanda muke nufi. Akwai matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana, suna kwana da 'ya'yansu a kangaye. Akwai tsofaffi masu bara da ke shimfiɗa kwali a bakin shaguna da tasha. Akwai masu taɓin hankali, waɗanda ba mu da ilimin kula da su. Almajirai mun cire su daga lissafi, suna da malamansu da makarantunsu, shiga wannan lamari ba hurumin coci ba ne. Da mata da yara za mu fara.

Kuɗin hannu ₦412,000. Shawarar yanzu ita ce a gyara tsohon ɗakin ajiya na bayan coci.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun zaga kangaye ta wajen Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri. Bibiyu muka rabu, kamar yadda tsarin ƙungiyar Vincent de Paul yake tun kafa ta a Faris a 1833: a je a iske mutum inda yake, kuma kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai. Ni da Mama shugabar zumuntar mata muka shiga wani gini da aka kai linta aka bari. Ba rufi sai ɗaki guda, tagogi an toshe da buhuna. Mata shida ne a ciki, yaran ban iya ƙirga su ba don shige da fice suke yi. Da rana bara da wankau da surfe, da dare a jawo tsohon kwano a tare ƙofa.

Da Mama ta yi musu bayanin ɗakin bayan coci, sai suka yi shiru. Babbar cikinsu ce ta amsa: "Inna, mun gode, Allah ya saka. Amma in na kwana cikin coci, da wane ido zan dubi dangin mijina in mun koma?" Katikis, malamin koyar da addini na cocinmu, da abokin tafiyarsa ma irin amsar da suka samo ke nan. Na tambaye ta me ta fi buƙata, ina zaton abinci za ta ce. Ta ce ƙofa mai sakata. Akwai samari da ke shiga musu da dare, kuma tana da 'ya'ya mata biyu da suka fara tasawa.

Maganar ɗakin bayan coci ta mutu. Sai haya a cikin unguwa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Dillali ya samo gida: zaure, ɗaki huɗu, tsakar gida mai faɗi, rijiya da ta ƙafe. Rufin ɗaki biyu ya ruɓe, masai ya cika. Mai gidan dattijo ne, ya ce ₦280,000 a shekara. Da muka ce mu za mu gyara, ya yarda da wata shida a ₦150,000. La'adar dillali ₦15,000. Za a rubuta takarda gaban mai unguwa. Saura ₦247,000.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau Ranar Matalauta ta Duniya, wadda Fafaroma Francis ya kafa aka fara yin ta a 2017. An yi baiko na musamman, aka samu ₦186,500.

Bayan Mas aka yi musu mai zafi a ƙofar coci. Wani dattijo cikin manyanmu ya ce gwaurayen mata namu na ƙauyukan Malumfashi da Kafur su ma barayin daji sun taɓa su, wasu suna rakuɓe gidajen 'yan uwa a nan garin, don me za a kwashi baikon coci a kai wa waɗanda ko gaisuwar Kirsimeti ba za su yi mana ba? Fada ya ce masa, "Baba, a Matiyu sura 25 ba a tambayi addinin baƙon da aka sauke ba." Dattijon ya ce ya san sura 25 tun Fada bai zo duniya ba.

Ni dai ina ganin akwai gaskiya a maganarsa, ko da bai faɗe ta da daɗi ba. Namu ba su kwana a kango ne kawai saboda wani ya matsa musu wuri a ɗakinsa, kuma wanin nan shi ma da ƙyar yake ci. An rabu a kan zumuntar mata za ta ɗauki nauyin namu daga asusunta, masauki kuma a buɗe yake ga kowa. Kada kuma wani ya sa rai da kuɗi daga sama. Dayosis ɗinmu, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, jaririya ce, a Oktoban 2023 aka cire ta daga Sakkwato, a Disamba aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, hidimomin gabanta sun ishe ta.

Kuɗin hannu ₦433,500.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mun je gaida mai unguwa, ya aika aka kira limamin masallacin layin. Ba su ɓoye mana komai ba. Tsoronsu biyu ne: kada a mai da gidan wurin wa'azi, kuma kada infoma na barayi ya ɓuya cikin 'yan gudun hijira. Katikis ya ce, "Ranka ya daɗe, ku gindaya sharaɗi, mu bi."

Ga abin da aka tsayar. Duk wadda ta shigo a rubuta sunanta da ƙauyenta da sunan mai garinsu, kwafi ɗaya wurin mai unguwa. Namiji baligi ba ya wuce zaure. Ana rufe ƙofa ƙarfe tara na dare. Ba wa'azi, ba rabon littattafan addini, ba allo a ƙofar gida. Liman ya ƙara da cewa nama in za a dafa ya zama yankan Musulmi, muka ce da ma haka muka shirya. Shi ya nuna mana alƙibla a tsakar gida, ya kuma ce butoci daga wurinsa. An sa hannu a takardar haya, mai unguwa da liman shaidu.

Wasu matasanmu ba su ji daɗin hana allo ba, wai ai ya kamata a san aikin Katolika ne. Unguwar duk ta sani. Allon da zai hana mace ɗaya shigowa ba shi da amfani a wurina.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kafinta ya gama rufi. Kwano bandur ɗaya ₦68,000, katako da ƙusa ₦31,000, aikinsa ₦20,000. Siminti buhu 6 a ₦9,500, ₦57,000. Yashi ₦18,000. Masu kwashe masai ₦25,000. Saura ₦214,500.

Talata, 26 ga Nuwamba

Masai ya rufta. Bayan an kwashe shi ranar Asabar, magini ya ce a bar ramin ya sha iska kafin a ɗora sabon murfi. Ashe ramin ba a taɓa ɗaure shi da bulo ba, ƙasa ce kawai, kuma abin da ke ciki ne ya tokare gefunan shekara da shekaru. Da aka kwashe, sai gefen gabas ya zabtare cikin dare, ya ja katangar da ke tsakaninmu da maƙwabci kamar taku huɗu. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin, akuyar maƙwabcin ce ta faɗa, aka ciro ta da igiya da rai.

Maƙwabcin ya fito da faɗa, kuma da hakkinsa, matansa na cikin kulle ga katanga a buɗe. Kafin azahar mun kafa zana mun rufe. Magini ya ce gyaran tsohon ramin asarar kuɗi ne, a cike shi a haƙa sabo nesa da katanga da rijiya, a ɗaure da bulo tun daga ƙasa. Mai gida ya ce shi ba ruwansa, lafiya lau ya ba mu gida. Bulo 120 a ₦550, ₦66,000. Siminti buhu 4, ₦38,000. Rodi ₦19,000. Magini da lebura ₦25,000. Haƙan ramin matasan coci ne suka yi kyauta, har da biyu daga cikin masu ƙorafin allo.

Saura ₦66,500, ko tabarma ba mu saya ba. Buɗewar da aka sa 1 ga Disamba ta ɗaga.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Tabarmi 20, ₦40,000. Wani ɗan cocinmu mai sayar da gwanjo ya kawo barguna kyauta. Zumuntar mata ta ce kowace mace ta riƙa kawo tiya ɗaya ta hatsi duk wata. Saura ₦26,500.

Alhamis, 5 ga Disamba

An buɗe. Mata 9, yara 23. Ɗaki uku nasu, na huɗu kayan abinci da mai kwanan gadi.

Maganar mai kwana Sista, mai zaman zuhudu ta cocinmu, ce ta dage a kai. Ta ba mu labarin gidajen sauke baƙi da Dorothy Day da Peter Maurin suka fara a birnin New York na Amurka bayan kafa ƙungiyarsu ta ma'aikatan Katolika a 1933, inda masu hidima ke zama gida ɗaya da waɗanda suke yi wa hidima, tukunya ɗaya. Mu ba za mu iya tarewa gaba ɗaya ba, kowa da iyalinsa, amma mata biyu na zumunta za su riƙa kwana bi da bi. Girki kuwa matan gidan suka karɓa da kansu, suka raba kwana. Kunu da safe, tuwo da miyar kuka da dare. Rana kowa ta nemi nata.

Litinin, 9 ga Disamba

Daren jiya saura ƙiris a yi rashi. Sanyi ya yi tsanani, sai matan ɗakin tsakiya suka shigar da kurfoti da garwashin gawayi, suka rufe ƙofa, suka toshe taga da zani. A kango sun saba yin haka ba abin da ke faruwa, don can iska ta ko'ina take shiga. Nan kuwa ɗaki ne mai rufi da ƙofa. Wajen ƙarfe biyu mai kwanan gadi ta ji yaro na amai, ta buga ƙofa ba a amsa da wuri ba. Da aka buɗe, mace ɗaya ba ta iya tsayuwa, yara uku na kukan ciwon kai. Aka fito da kowa tsakar gida, maƙwabcinmu mai akuya shi ya tada mai Napep aka kai biyu asibiti. An sallamo su da hantsi. Napep da magani ₦14,200.

Wata nas 'yar cocinmu ta zo da yamma ta yi musu bayani: gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mutum sai ya yi ta barci har ya wuce. Doka daga yau: wuta a tsakar gida kaɗai, kurfoti na kwana a ɗakin ajiya. Sai dai doka ba ta maganin sanyi. Siminti na tsotse ɗumin jiki ta cikin tabarma, don haka mun roƙi masu shaguna kwalaye a shimfiɗa a ƙasa, kuma muna neman ƙarin bargo 15.

Alhamis, 12 ga Disamba

Wani Alhaji na layin ya aiko da buhun gero, ya ce kada a faɗi sunansa. Kwalaye sun samu.

Litinin, 16 ga Disamba

Nas ta auna damtsen ƙananan yara da zaren nan mai launi uku. Biyu sun faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, ɗaya har ƙafafunta sun kumbura. An kai su cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke Ƙofar Sauri. Mai kumburin an kwantar da ita da uwarta, ɗayan an ba shi haɗin gyaɗan nan na leda, a riƙa komawa awo. Ba a karɓi ko kwabo ba. Aikin da ya rage mana shi ne hana yayyensa shanye masa, don su ma yunwar suke ji. Mai kwanan gadi ce ke riƙe da ledojin.

Juma'a, 20 ga Disamba

Wani mai kango ya zo da leburori zai ci gaba da gini, ya ba mutanen ciki kwana biyu. Iyali biyar ne, mu kuwa wurin iyali biyu ya rage mana. Mun iske shi da mai unguwar can, muka roƙa. Ba mugu ba ne, gininsa ne, siminti kuma kullum tashi yake. Ya ƙara musu mako biyu.

Daga nan muka kai takarda wani ofishin gwamnati da irin wannan ya shafa. An karɓe mu da mutunci, aka ce mu kawo sunaye, don kayan agaji da sunan ƙaramar hukuma suke fita, waɗannan matan kuma rabonsu yana can garuruwan da suka baro. To ga inda matsalar take. A can an ce sun tafi, a nan an ce ba 'yan nan ba ne, sansani kuma ba su ciki balle a ƙirga su. Mutanen gari na ɗauka kowace tana gidan wani ɗan uwa, don a al'adarmu abin kunya ne a ce baƙo ya rasa masauki. Wannan kyakkyawan zaton shi ya ɓoye su.

Mun yanke za mu haɗa jerin sunaye na duk kangayen da muka sani, ba na gidanmu kaɗai ba, masu unguwanni su sa hannu. Da yawansu ba su da lambar NIN, wasu takardunsu sun ƙone da gidajensu. Matasa biyu za su riƙa raka su rajista.

Alhamis, 26 ga Disamba

Jiya an dafa shinkafa da akuya guda, mahaucin layin ya yanka. An aika wa mai unguwa da liman da maƙwabta, kwanukan suka dawo da dabino da ƙuli. Kuɗin daga aljihun 'yan kwamiti ya fito.

Wani baƙo da ya zo hutu daga Abuja ya ɗaga waya zai ɗauki hoton yara suna cin abinci, Mama ta hana shi. Ya ce da hoto ake samun tallafi. Wataƙila haka ne. Amma tuni ana raɗe-raɗin cewa hotunansu muke sayar wa Turawa, kuma akwai macen da ba ta son waɗanda suka kore ta su san inda take. Ba hoto a gidan nan.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Mata 11, yara 29. Sauran iyali uku na kangon can, biyu sun samu zauren wani bawan Allah, ɗaya ta koma Jibiya wurin ƙaninta.

Ruwa ne ke cinye mu. 'Yan ga-ruwa jarka ₦100, muna shan 14 a rana, wato ₦42,000 a wata. Itace kusan ₦30,000. Baikon ƙarshen shekara ya kawo ₦131,000, bayan biyan bashin ruwa da itace da magani saura ₦58,000. Masu haƙar rijiya sun duba tamu, sun ce in an yashe ta aka ƙara gaba biyu za a iya samun ruwa, ₦45,000, amma ba su yi alkawari ba. Kwamiti ya ce a jira.

Alhamis, 16 ga Janairu

Akwai wani tsoho da tun kafin Kirsimeti yake kwana a zaurenmu da izinin mai unguwa. Bara yake yi a bakin kasuwa, ba ya gani sosai. Mun tambaye shi garinsu, wani lokaci ya ce ta wajen Maraɗi, wani lokaci ya ce ya manta. Baba kawai kowa ke ce masa. Tari ya matsa masa makon nan, nas ta ba shi magani, ya ƙi zuwa asibiti. Shekaranjiya da asuba aka iske ya cika.

Mun sanar da mai unguwa nan take, shi ya sanar da 'yan sanda. Liman da mutanen layi suka yi masa wanka da salla, mu muka sayi likkafani ₦9,000. Ni da katikis mun bi su maƙabarta, muka tsaya gefe. A aljihunsa an samu ₦1,350 da carbi, ba takarda ko ɗaya. Liman ya ce a ba da kuɗin sadaka, aka saya wa yaran gidan ƙosai.

Abin da ya biyo baya shi ne tsofaffi uku sun zo neman zauren. Ba mu da wurin maza, zauren ma mutum ɗaya yake ɗauka. Mun ba wanda ya fi rauni. Liman ya ce zai yi wa kwamitin masallaci maganar wani shago da ke rufe a jikin masallacin.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ɗan mai gida ya zo, ya zaga ya ga sabon rufi da masai, ya ce zai yi aure bayan Salla, mu tashi ƙarshen Fabrairu. Muka tafi wurin mai unguwa, ya ciro takarda ya karanta masa: wata shida, har 20 ga Mayu. Yaron ya ce ba da saninsa aka yi ba. Mai unguwa ya ce, "Gidan naka ne ko na mahaifinka?" Magana ta tsaya nan, amma sabuntawa kam babu, sai dai in za mu biya ₦400,000 a shekara, gidan da kuɗinmu ya gyara.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Zaman wata. Jerin sunaye ya kai iyali 64 a kangaye 13, masu unguwa uku sun sa hannu, ɗaya ya ce sai ya ji daga hakimi. Mata 7 sun yi rajistar NIN. Yarinyar da aka kwantar ta dawo, kumburi ya saɓe. Yara 10 sun shiga firamaren gwamnati ta kusa, zumunta ta ɗinka musu yunifom.

An tambayi matan abin da kowace ke so bayan Mayu. Huɗu na son komawa kafin shuka in hanya ta yi sauƙi, sauran sun ce ba su ga ranar komawa ba. Ga waɗannan kwamiti ya amince da jarin ₦15,000 kowace, awara ko ƙuli ko wankau, su haɗu bibiyu su kama ɗaki. Mutum biyu za a fara ba wa, kuɗin da ke akwai ke nan. Rijiya an fasa, ba za mu ƙara zuba kuɗi a gidan da za mu bari ba.

Azumin Ramadan zai kama wajen farkon Maris, namu kuma Larabar Toka 5 ga Maris, don haka girki zai koma sahur da buɗa baki, a dafa wa yara nasu da rana. Zafi na tafe, nas ta ce lokacin sanƙarau ne, mutum 40 a ɗaki uku ya yi yawa, za a riƙa kwana a tsakar gida, ana buƙatar gidan sauro 12. Kuɗin hannu bayan jari ₦19,000. Ranar Talata ni da katikis za mu kai jerin sunayen ofishin, Mama kuma za ta ga wani dillali a kan ɗakunan haya ta wajen Ƙofar Marusa.